Hular Durwa

Zuwa ga matata Rakiya, 'Yar Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan Allah Ya yalwata makwancinki, ina sanar da ke gida lafiya, yara lafiya, ni ma da sauƙi, sai gwiwa da ta ƙi ni. Jiya aka yi sadakar arba'in ɗinki, mutanen Gwandu sun zo, sun koma.

Kin ga na rubuta sunanki a sama. Shekara talatin da wani abu muna tare ban taɓa kiran sa a gaban mutane ba, yau ga shi a takarda. Na ce wa yara su karanta, su ba duk wanda ya so ya gani. A gaban jama'a na yi abin da na yi, don haka ba zan nemi gafara a ɓoye ba.

Maganar Durwa ce. Na san kin sani.

Yara ba su san ta ba, don haka bari in faɗa tun daga farko. Shekara huɗu ko biyar kafin Turawa su tafi, damina ɗaya da kawo ki Dangoma daga Gwandu, na je Birnin Kebbi sayar da fatu. Wani kuku da ke yi wa Bature aiki ya ba ni kwikwiya, ita ce Durwa. Karyar maigidansa ce ta haihu da karen gari, aka ce a zubar da 'ya'yan. Na dawo da ita cikin burgamina, jakar fatar da nake zuwa daji da ita, kanta a waje, kunnuwa suna reto har suna rufe mata ido. Duk ƙasar Kalgo babu kare mai irin waɗannan kunnuwa.

Mu mafarauta muna da al'ada. Kwikwiyo yana buɗe ido ake yanke masa kunne da aska, a shafa toka, ya yi kukan yini guda ya manta. Haka ubana ya yi, haka kakana. Dalili kuwa ciyawa ce. Idan kaka ta yi, daji ya bushe, ƙarangiya takan maƙale a gashin kunne, amma ita a waje take tsayawa. Mugun shi ne siririn tsinin kan ciyawa, wanda in ya shiga ba ya komawa baya, sai gaba. Kunne a tsaye ana ganin cikinsa. Kunne mai faɗowa kuwa shi ke sharo tsinin, ya rufe a kansa.

Na wasa aska, kika fito daga ɗaki kika tsaya a kaina. Ke da aka raina a gidan da in kare ya lashi ƙwarya sai an wanke ta sau bakwai, ke ce kika ce, "Don Allah Malam kada ka yanke mata, ni za ni riƙa duba su." Lokacin ina ango, ko rana kika ce in ɗauko miki zan gwada. Na mayar da aska kube.

Kin cika alkawari, ba zan ci miki wannan ba. Duk ranar da muka dawo daga daji, kafin ki ba ni ruwa ma, sai ki shimfiɗa tsohuwar tabarma inda hasken rana ke faɗowa, ki kwantar da kanta, ki juye kunnen, ki bi shi da matsefata, ɗan ƙarfen cire ƙaya, ki tsince ƙarangiya ɗaya bayan ɗaya. Kina rage gashin ciki da almakashi. Kina shafa man kaɗe a bakin kunnen don abin da ya taɓa ya zame. In kin gama ki wanke hannu da ƙasa da ruwa, ki yi alwala. Ni ina zaune da ƙishirwa ina jin haushi, ita kuwa ta lumshe ido tana kaɗa wutsiya.

Da kika ga tsintar ba ta ƙarewa, sai kika ɗinka mata hula. A gidanku kika koyi allura, wurin mahaifinki da ke ɗinkin huluna bayan ya sallami ɗalibai. Ƙyallen saƙi ne baƙi, buɗe gaba da baya, a zura mata ta kai ya kwantar da kunnuwan a wuya, da igiya ƙarƙashin haɓa. Sau uku kina warwarewa kafin ta zauna daidai. Kaka guda muka yi da hular nan, ni da Durwa mu kaɗai a daji, ko tsinke bai shiga kunnenta ba. Ga hanci. Zomo ko ya shige ƙarƙashin ƙasa sai ta tono shi. Ban taɓa riƙe kare irinta ba, kuma ban taɓa ce miki na gode ba.

Sai ranar babbar farauta ta zo, bayan an kai gero rumbu. Aka buga ganga, mafarautan Kalgo da namu da na Maruda aka haɗu bakin fadama, karnuka sun fi a ƙirga, duk masu guntun kunne. Ke kika ɗaura mata hular da hannunki a ƙofar gida, kika ja igiyar kika gwada.

Kin san Mamman Dogo, wanda muka tashi tare, bakinsa ba ya rufuwa. Yana hango mu ya ce, "Bawa, amarya kak kawo muna da lulluɓi?" Aka kwashe da dariya. Mai ganga ma ya sauya kiɗa, ya koma na kai amarya. Wani daga baya ya ce, "Gobe shi za a ɗaure ma ɗankwali." Rakiya, na tari gwanki da mashi ban ja da baya ba, amma dariyar nan ban iya ɗaukar ta ba. Na zagaya bayan wata sabara, na tsuguna, na kwance igiyar da hannuna, na cusa hular cikin burgami. Durwa ta girgiza kai, kunnuwa suka zubo, ta shiga ciyawa da gudu.

Ranar ta kama zomo uku, ta tayar da gada. Waɗanda suka yi mini dariya da safe su ne suka riƙa tambaya ko za ta haihu in ba su ɗa. Na dawo gida ina tafiya kamar ni na halicce ta.

Kika tarye mu, kika dubi kanta, kika ce, "Malam, ina hulla?" Na ce ɗinkinki ne ya kwance, ta faɗi a daji. Na ƙara da cewa 'yar malamai ba ta iya ko ɗaurin igiya ba. Ban san me ya sa na ƙara wannan ba. Kika sunkuyar da kai, kika ɗauko tabarma. Ƙarangiya goma sha ɗaya kika cire, ina ƙirgawa. Kika leƙa, kika sake leƙawa har rana ta yi ƙasa, ba ki ga komai ba.

Kwana uku ta fara karkatar da kai gefen hagu. Ta riƙa sosa kunnen da ƙafa har ya yi jini. Kafin mako ya zagayo yana wari, ruwa na fita. Kin ɗiga man shanu mai ɗumi, kin gasa da tsumma, abin yana can ciki inda matsefata ba ta kaiwa. Kika roƙe ni in kai ta Kalgo ranar kasuwa, wurin malamin dabbobi da ke zuwa yi wa shanu allura, kika ce yana da dogon ƙarfe da fitila. Na ƙi. Na ga kaina tsaye a layin Fulani da shanunsu, ni da karya a hannu, Mamman Dogo na kallo. Na ce miki ke kika jawo, da kin bari na yanke tun tana ƙarama da ba a kai nan ba.

Abin da ya biyo baya shi ne na fi jin kunyar yara su karanta. Na ce tunda kunne ne ciwon, a cire kunne. Na sa wuƙa a wuta. Durwa ba ta yarda kowa ya taɓa kanta sai ke, don haka na ce ki riƙe ta. Kika ce ba za ki iya ba, na daka miki tsawa, kika riƙe. Ta kwantar da kai a cinyarki tana zaton tsinta za a yi mata. Na yanke na hagu, na yanke na dama wanda ba abin da ya same shi, don kada a ce na bar ta da ɗaya. Kukan da ta yi har bayan gari an ji. Jini ya ɓata miki zane. Ba ki yi kuka ba, kika shafa mata toka. Na san tun kafin in ɗauki wuƙar cewa tsinin yana ciki, yankan ba zai fitar da shi ba. Ina neman abin da zan yi da hannuna ne don in daina ganin laifina.

Bayan haka ta daina cin abinci. Ta riƙa zagaya wuri ɗaya a tsakar gida, ta faɗi, ta tashi, yawu na zuba. Wata safiya ta fita ƙofa, maƙwabcinmu ya kai hannu zai kore ta, ya taɓa ciwon, ta kai masa cafka. Ko fatarsa ba ta huda ba, amma kafin hantsi gari ya ɗauka karyar Bawa ta haukace. Maza suka taru da gora da kulki. Ta gudu ta shige ƙarƙashin rumbu, babu mai iya fito da ita.

Kina bayan darni na ji muryarki, ke da ba ki ɗaga murya: "Ba hauka na ba, ciwon kunne na." Kowa ya ji. Suka juyo suna kallona, su ga ko matata ce ke riƙe da gidan. Na san gaskiya kike faɗa, na fi kowa sani. Kalma ɗaya daga bakina ta isa ta watsa taron.

Na tsuguna na yi mata fito, irin wanda nake yi in za mu daji. Ta fito, Rakiya. Tana tangaɗi, kai a karkace, tana kaɗa wutsiya, ta zo har gabana. Ni na fara kai mata gora. Sauran suka ƙarasa.

Na ja ta zuwa bayan gari ni kaɗai. Kafin in rufe ta da ƙasa na tsaga kunnen da wuƙa, don in gani. Tsinin ciyawa ne guda ɗaya, bai kai tsawon farcena ba. Na dawo gida na ci tuwo. Ban gaya miki ba.

Ba ki sake ambaton sunanta ba, ni ma haka. Amma tun daga ranar, duk abin da kika ɗinka mini sai kin bi shi sau biyu. Aljihun riga, bakin wando, madaurin burgami, ɗinki biyu jere da juna. Na lura, kuma bari in faɗi gaskiya, daɗi na ji. Na ce a raina ta yarda laifinta ne, ta ɗauki darasi. Hular kuwa na lalube ta a burgami bayan 'yan kwanaki don in ƙone, ban same ta ba. Na ce ta faɗi a hanya, ƙaryata ta zama gaskiya, na huta.

Shekaranjiya 'yarmu Asma'u tana kwashe kayanki, ta buɗe ƙaramar kwallar da kike ajiye turare. A ƙasa, cikin wani tsumma, ta sami baƙin ƙyalle. Ta kawo mini tana tambaya ko hular jariri ce. Na karɓa na juya ta. Ɗinki yana nan yadda kika yi shi, ko zare ɗaya bai tashi ba. Igiya lafiya lau, ba ta tsinke ba.

Ke nan ke kika ɗauke ta daga burgami, kin gani tun makon. Kin san hannuna ne ya kwance ta. Kin dafa mini abinci shekara talatin, kin haifa mini 'ya'ya shida, kin yi jinyata lokacin da maciji ya sare ni, kuma kullum na sa riga kina gaya mini da allura abin da ba ki faɗa da baki ba, ni kuwa ina yawo da ita a gari ina jin kaina. Da kin zage ni sau ɗaya, da na nemi gafara kina da rai. Ko kuwa da ban nema ba. Kin fi ni sanin halina, wataƙila shi ya sa kika yi shiru.

Ina kewarki, 'Yar Malam. Na cuce ki, na cuci dabbar da ta amince da ni, kuma ba ni da hujja. Rigar da ke jikina yanzu ma ɗinkinki ce, ina rubutu ina ganin layi biyun a bakin hannu.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya saka miki da tausayin da kika nuna wa abin da mutane ke ƙyama. Allah Ya sa ki yafe mini kafin mu tsaya a gabanSa, ni da ke da ita. In ba ki yafe ba, ba ki zalunce ni ba.

Hular tana wurina. Na ce wa Asma'u ba ta jariri ba ce, ta zauna in gaya mata ta wace ce.

Wassalam.

Mijinki,
Bawa