Ɗiyata na jiran ciki saboda ƙaryar da na yi mata

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Admin don girman Allah a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ni dai na rasa ta inda zan ɓullo.

Ni tsohuwa ce, na ba sittin baya. An yi min aure Argungu tun muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato, maigidana manomin albasa da shinkafa. Shekara biyu da aure na yi ɓatan wata, ana ta murna, sai ciwo ya kama ni gefen mara. Uwar mijina, Allah jiƙanta, tac ce sanyi ne, kwana ukku tana gasa min mara da ruwan zafi, har na some bakin rijiya. Da aka kai ni asibiti Birnin Kebbi sunka ce cikin bai kai mahaifa ba, cikin bututu ya tsaya ya fashe. Likita ya zana mana a takarda, wai bututun nan nama gare shi mai matsewa yana saki yana tura ƙwai gaba, sinadaran jikin mace da jijiyoyi ke ba shi umurni, nawa bututun ya yi jinkiri sai cikin ya zauna bisa hanya. Sunka cire shi, ɗayan bututun kuma sunka iske shi toshe. Yac ce in ba wani ikon Allah ba na gama haihuwa.

Ba a yi shekara ba ƙanwata ta rasu wurin haihuwa, ta bar ɗiya mace. Uban masunci ne, yac ce ba ya iyawa. Dangi sunka ba ni riƙo, munka tashi munka dawo Birnin Kebbi inda ba wanda ya san mu. Maigidana ya sa na rantse ba zan taɓa gaya mata ba, wai kada ta tashi da maraici. Shi da duk manyan da sunka sani yau ba su duniya, saura ni.

Tana ƙarama ta ga tabon aiki a cikina ta tambaya, ni kuma da bakin nan nawa na ce an cire min bututu amma ga shi na haife ki. Wallahi don ta bar tambaya na faɗa.

To yanzu tana aure unguwar Gesse nan Birnin Kebbi, ta kusa arba'in, ba ta taɓa haihuwa ba. Shekara huɗu da sunka wuce irin abin da ya same ni ya same ta, aka cire guda. Likitarta tac ce wanda ya rage ya yi tabo ba ya matsawa yadda ya kamata, ko an ba ta maganin homon, wato sinadaran nan na jikin mace, ƙwai ya fito, bututun ba ya turawa, kuma in ciki ya sake tsayawa nan rayuwarta ce. Ta ba su shawara a haɗa ƙwan a waje a dasa mata a mahaifa tun shekaru ba su ja ba. Mijin, bawan Allah, ya yarda. Ita ce tac ce atafau, Innarta ma an cire mata kuma ta haihu, wai jininmu guda, za ta jira. Har faɗa sunka yi ta yi yaji ta zo wurina, ya biyo ta yana roƙona in sa baki. Na ce mata ki bi likita, ta yi dariya tac ce Inna ke wane likita kika bi? Na shiga ɗaki na yi ta kuka.

In na yi shiru shekarunta na tafiya, ko ma in rasa ta gaba ɗaya. In na faɗa na karya rantsuwa, kuma rana guda ta ji ba ni ce uwarta ba, ba maigidana ne ubanta ba. Tsoro nike ji, wallahi tsoro nike ji ta daina ce min Inna.

Jiya ta bugo waya tana murna, wai ranar Litinin za ta zo ta ɗauke ni mu je wurin likitar, in faɗa mata da bakina yadda na samu cikinta, don likitar ta ƙyale ta da zancen dashe. Na ce to. Jama'a in kira ta in gaya mata kafin Litinin, ko in fara gaya wa mijin? Kuma da wace kalma ake fara irin wannan magana?