Yayen Kamila Ya Ƙi Ƙarewa

Kankiya,
9 ga Maris, 2019

Zuwa ga maigidana Malam Rabe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, da kai da abokan aikinka na Fatakwal. Mu nan sai godiyar Allah.

Na zaɓi takarda ne don a waya kana rufe mini baki da a yi haƙuri. Yau wata uku cur da aka kai yarinyar nan yaye garinku Boko ta Kusada, wajen mahaifiyarka Inna. Wane irin yaye ne wannan? Sau biyu ina aikawa, ana cewa ba ta gama mance nono ba. Sai jiya ƙanwarka Sa'a ta fasa mini ƙwai. Wai Inna ta ce ba za a maido ta ba, don ciwon damuwar da na yi bayan haihuwa gadonmu ne, yarinya ta sha rabi a nono, kada ta kwashi sauran a zama da ni.

Ban musa ciwona ba. Na yi wata biyar ina kuka ba dalili, abinci ya fita raina, ko ƙofa aka buga sai gabana ya faɗi. Mahaifiyata ma ta yi irinsa, Allah ya jiƙanta, aka ce iska ce, aka yi ta yi mata hayaƙi har ta koma ga Allah. Ni asibiti na je, ina shan magani, na koma ajina ina koyarwa. Kai ka raka ni da ƙafarka. To me ya hana ka faɗa wa Inna?

Ina kewarka, amma ina fushi da kai. Ka huta lafiya.

Taka,
Ummusalma

Kankiya,
28 ga Maris, 2019

Maigida,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarka da gajiyar aiki. Amsarka ta iso.

Ka ce ɗiyar fari ce, abin kunya ne uwa ta buɗe baki ta neme ta, mutanen Kusada za su yi da ni. Su yi mana. Shekara biyu ina kawaici, ko sunanta ban taɓa kira a gaban mutane ba. Yau ga shi na rubuta: Kamila. Ɗiyata ce, kuma ina son abata.

Ran Talata na koma Katsina wajen Dakta Hussaina, mai duba ni, na tambaye ta batun gadon nan ƙiri-ƙiri. Ba ta ɓoye mini ba. Ta ce ƙwaƙwalwa tana haɗa wasu ƙananan sinadarai, a wajen likitoci niyurofeftayid ake ce musu, waɗansunsu su ke kwantar wa mutum da hankali bayan ya firgita. Ƙwayoyin gadon da ke tsara su sun ɗan bambanta daga mutum zuwa mutum, kuma masu bincike suna ganin wani bambancin yana iya sa damuwa da fargaba su fi saurin kama mai shi. Amma ta ce maganar ba ta gama tabbata ba, da yawa suna ɗauke da shi har su tsufa lafiya lau. Kuma ba a nono ake sha ba. Abin da Kamila za ta gada ta riga ta gada tun tana ciki, rabi nawa rabi naka, ko Makka aka kai ta yana jikinta.

Na tambaye ta me ke tayar da shi. Ta lissafa mini abubuwa, har da raba ƙaramin yaro da wanda ya shaƙu da shi. Ka ji fa. Garin gyaran gira za ku rasa ido.

Asabar mai zuwa zan tafi Boko. Ba izini nake nema ba, sanar da kai nake yi don girmanka.

Matarka,
Ummusalma

Kankiya,
8 ga Afrilu, 2019

Baban Kamila,

Da fatan ka tashi lafiya. Ni da ɗiyarka muna gaishe ka, daga ɗakinmu.

Na je. Na tarar da Inna tana surfe a tsakar gida, na durƙusa na gaishe ta yadda ya kamata. Kamila ta dube ni, ta ruga ta ɓuya bayan Inna. Ba ta gane ni ba. Wannan ya fi duk ciwon da na yi zafi, amma ban yi kuka a gabansu ba. Na zauna har la'asar ina lallashinta da gyaɗa, da ta yarda na kwance mayafina na goya ta. Matan gidan suka yi ta salati, wata ta ce ba su taɓa ganin marar kunya irina ba. Na yi musu sai an jima.

Inna ta biyo ni har zaure. Nan ta cim mini da ƙullin kayan yarinyar. Na zaci faɗa ne, na gyara tsayuwa. Sai ta faɗa mini abin da na tabbata ba ka sani ba. Bayan ta haife ka, ita ma ta yi kusan shekara ba ta magana. Aka ɗauke ka kana wata takwas aka kai wa gwaggonka a Kafinsoli, ba ka dawo ba sai da ka shekara bakwai. An ce mata wannan ne ya tsare ka daga ciwon, ita kuma ta riƙe maganar shekara talatin da biyar, don in ba haka ba ne, to a banza aka raba ku. Tana faɗa tana gyara wa Kamila goyo a bayana.

Ban yafe wata huɗun nan ba tukuna, kuma Kamila ba ta sake kwana ko'ina sai inda na kwana. In wata rana ciwon ya taɓa ta, ni na san ƙofar asibiti.

In ka samu hutu, kada ka fara sauka Kankiya. Ka wuce Boko. Akwai matar da har yau kake kira da sunanta Hadijatu kamar baƙuwa, tana jiran ɗanta tun yana wata takwas.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Taka har kullum,
Ummusalma, uwar Kamila