Sa Hannunka a Rahoton Kamfanin Riɗi

Zuwa ga babban ɗana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka a inda kake kwance, shekara uku ke nan.

Matan ƙungiyarmu suna so su zuba adashinsu na shekara biyu a wani kamfanin sayen riɗi da ya buɗe sito a hanyar Sandamu. Ni aka ɗora wa bincike, don na yi sakandare, kuma na haifi akanta.

Ka sha ce mini, "Inna, kada ki duba kamfani shi kaɗai, ki jera shi da abokan gasarsa." Haka na yi. Na sa aka karɓo rahoton kamfanoni uku, na shimfiɗa a tabarma. A shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, biyu sun yi asara. Na ukun, wanda matanmu ke so, ribarsa ko motsi ba ta yi ba, kamar daminarsa daban ce.

Na je siton da hantsi. Buhuna har rufi, amma babu ƙamshin riɗi, babu kashin ɓera, ko tsuntsu bai sauka a ƙofar ba. Mai gadin bai tambayi ko wace ce ni ba, ya ce dama ana jirana.

A shafin ƙarshe na rahotonsu na ga wanda ya tantance lissafin. Sunanka ne, da sa hannunka, har da 'yar lanƙwasar da kake yi tun da ka karye a yatsa. Lissafin bara ne. Na shafa wurin, biro ya lotsa takardar.

Shugabarmu Hajiya Rabi ta ce tunda ɗana ne ya sa hannu, magana ta ƙare. Ba ta duba shekarar ba.

Ban yi maka tarbiyyar ƙarya ba. In tun kana da rai ka sa wa mutanen nan hannu a farar takarda, ka yi ganganci, kuma da na sani da ka ji daga bakina. Rabin matan nan zawarawa ne masu riƙon marayu.

Gobe ne taro. Kai ne ɗan fari, ban taɓa kiran sunanka ba, ko ranar da ka rasu. Gobe zan miƙe gaban mata in faɗe shi cikakke, in ce mai sunan yana kabari lokacin da aka ce ya sa hannu. Na gwada a ɗaki sau biyu, murya ta ƙi fita.

Ɗana, Allah ya haskaka kabarinka, ya yafe maka abin da na sani da wanda ban sani ba. Ni kuma ya buɗe bakina gobe.

Mahaifiyarka,
daga Daura.