Ciyawa Ce Kawai

Litinin, 3 ga Maris
An saka ni a kwamitin da zai duba ko ya dace kwalejinmu ta kafa ƙungiyar ƙwallon ƙafa. Na ɗauka girmamawa ce. Ashe fili suke so, wanda ke bayan ɗakin gwaji, inda na ƙarar da ƙuruciyata ina renon ciyawar kiwo mai jure fari da takun dabbobi.

Laraba, 12 ga Maris
Zaman farko. Malamin motsa jiki, wanda ɗalibai ke kira Usur saboda ba ya rabuwa da shi a wuya, ya shimfiɗa taswira ya ɗora yatsa a kan gonata. "Nan ba komai, ciyawa ce kawai." Aka yi ta gyaɗa kai. Na buɗe baki, shugaban kwaleji ya duba agogo ya ce, "Malama, a taƙaice." Ta yaya ake taƙaita shekarun mutum?

Alhamis, 13 ga Maris
Abin haushin, Usur yana da gaskiya. Ɗalibai sun koma kwalejin da ke da ƙungiya. Yau na shiga aji, kujeru sun fi mutane yawa nesa ba kusa ba.

Talata, 25 ga Maris
Na kai kuka wajen baban yara, ya ce, "Haƙuri za ki yi, wa ya taɓa sayen tikiti don kallon ciyawa?" Dariya yake yi. Abincin ma sai da ya tambaya kafin na ba shi. Autana kuwa har ya fara wanke tsohon takalminsa na ƙwallo, a gabana.

Asabar, 5 ga Afrilu
An kaɗa ƙuri'a. Hannuna kaɗai ya tashi a ɓangaren a'a, har kunya ta sa na yi kamar ina gyara mayafi.

Litinin, 14 ga Afrilu
Katafila ta zo. Na tsaya a tagar ofis ina kallo. Na so in kwashe saiwar wadda nake kira Mai Taurin Kai, amma in kai ta ina? Tukunyar fure? Na yi kuka, ban ɓoye ba.

Juma'a, 20 ga Yuni
Usur ya yi sallama a ofis, hula a hannu. Wai ciyawar da suka saya ta mutu a bakin raga, sai wata da ta tsiro da kanta, an tattaka ta ta ƙi mutuwa. "Malama, ko kin san irinta?" Na ce ciyawa ce kawai. Ya sunkuyar da kai ya fita. Ban ji daɗin da na zata zan ji ba.

Asabar, 27 ga Satumba
Wasan farko. Na je ne in ga yadda Mai Taurin Kai take jure takalmi, ba wani abu ba. Mai tsaron raga ya yi ta faɗuwa a kanta, tana kwanciya tana miƙewa. An ci mu biyu da ɗaya, kuma na biyun satar gida ce, kowa ya gani.

Na sake karanta layin sama. Wai “mu”. Biro na hannuna, ban goge ba.