Labarin Inna a Kwamfutar Aro

Litinin

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, Inna ma tana gaishe ka, Maigidan kuma ya ce a miƙa tasa. Da fatan injinan madatsar ruwan nan ba su gama cinye maka kunne ba. Tunda har yau babu sabis a wurinku, ga ni na koma takarda, kuma ka san ba na ƙi. A littattafan da nake karantawa, duk maganar da ta isa magana a wasiƙa ake yin ta.

Ka buɗe ambulan a hankali, akwai filash a ciki. Wata bakwai ke nan ina ɓoye maka wani abu: littafi nake rubutawa. Kada ka yi dariya, ina jiyo ta tun daga nan. Da farko labarin soyayya na nufa, irin waɗanda suka cika akwatina, da attajiri da mota da hawaye. Sai wata rana ina taje wa Inna kai na tambaye ta yadda suka haɗu da Baba. Yaya, matar nan ta buɗe baki! Abubuwan da ni da kai ba mu taɓa ji ba. A ranar na sallami attajirin. Kullum Maigidan ya fita sai in zauna a bakin gadonta, tana faɗa ina bugawa. Babi arba'in da ɗaya.

Da tsohuwar manhajar Baba nake bugawa, wadda ya riƙa buga wa mutane wasiƙu da ita bayan ya ajiye tafireta. Na tarar da faifanta cikin takardunsa, har da ayyukansa a ciki. Ita kaɗai na iya, tun ina leƙe ta bayan kujerarsa. Na saka ta a ƙaramar kwamfutar ofishin su Maigidan, wadda ke kwana a kan kabad, ba ya ɗauka sai zai je duba gini. Ya ce in kalli abin da na ga dama, amma kada in saka komai, dokar ofis ce. To, na saka. Bai sani ba.

Jibi Laraba zai mayar da ita, an canza masa sashe. Jiya na cire manhajar, ko alamarta babu. Hankalina kwance, domin dokar Baba nake bi: duk Juma'a a kwafe foldar manhajar ɗungurungum a filash. Ban taɓa tsallake Juma'a ɗaya ba, filash biyu ma gare ni.

Ka karanta ka faɗa min gaskiya, amma da tausayi. Tun da na liƙe ambulan na kasa zama wuri ɗaya, sau uku ina leƙa direban motar kayanku.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Auta

*

Talata

Auta,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Ki gaishe da Inna da mijinki.

Malama marubuciya, na ƙi zuwa cin abinci don in karanta ki. Na buɗe filash. Na ga takardar wani yana neman aikin gadi, na ga ƙorafin wata kan famfon layinsu, na ga wasiƙun Baba ɗari uku da wani abu. Naki ko layi ɗaya babu. Fayil na ƙarshe a ciki ya girmi aurenki.

Yanzu ajiye wasa. Dokar Baba daidai ce a kwamfutar Baba. A lokacinsa manhaja a cikin foldarta take ajiye aikinta, in ka kwafe foldar ka kwashe komai. Kwamfutocin yanzu ba sa yarda a yi ajiya a nan. In tsohuwar manhaja ta zo ajiyewa, sai kwamfutar ta karɓa kamar ta yarda, ta lallaɓa ta kai wata ɓoyayyar folda a ƙarƙashin sunan mai kwamfutar. Manhajar ba ta sani ba, ke ma ba ki sani ba. Wata bakwai kina kwafe ɗakin da ba a kwana a ciki.

Abu ɗaya ne ya yi daɗi: cire manhajar ba ya taɓa waccan foldar. Littafinki yana cikin kwamfutar. Abin da bai yi daɗi ba, takardar nan sai Alhamis za ta iso ki, kuma na san abin da ofisoshi ke yi da kwamfutar da aka mayar. Wanke ta ake yi tas a ba wani.

A bayan takardar nan na rubuta hanyar da za a bi a kai ga foldar, mataki-mataki. Ki faɗa wa mijinki a ranar da kika karanta. Ba gobe ba.

Yayanki

*

Lahadi

Yayana,

Sallama da gaisuwa.

Da na karanta layukanka na farko fushi na yi, na ɗauka tsokanarka ce ta kullum. Na ɗauko ɗaya filash ɗin na ruga shagon mai buga takardu na bakin titi. Ya saka, muka duba tare. Mai neman aikin gadi. Mai ƙorafin famfo. Ya ce, “Hajiya, wanne za a buga?” Ban san lokacin da na fito ba, sai da ya biyo ni da filash ɗin har tsallaken titi.

Ban faɗa wa Maigidan ba. Na san me za ka ce. Ranar Alhamis na shirya maganar, har na gwada ta a madubi. Ya shigo yana murna da sabon sashensa, yana ba ni labarin tebur kusa da taga, sai na ji kaina ina tambayarsa ko tagar tana da labule. Juma'a na kai har “Akwai wata magana,” ya ajiye cokali ya dube ni, na ce gishiri ne ya ƙare. Kai ba ka san shi ba kamar yadda na san shi. Ba ya faɗa, da ma zai yi faɗa da sauƙi. Shiru yake yi, ya ninke tawul sau huɗu, ya jera takalma. Kuma da sa hannunsa a takardar dokar nan. In aka gano, shi za a kira, a makonsa na farko a sabon wuri.

Na yi masa dabara na tambayi inda kwamfutar take. Ya ce tana wurin mai kula da kwamfutocin ofis, an tara da yawa, tana bin su ɗaya bayan ɗaya in ta samu sarari.

Sai na ce to, ai mai labarin tana ɗaki, bari in sake daga farko. Na ɗauki biro da littafi na zauna a bakin gadon. Na ce, “Inna, ki sake ba ni labarin ranar da kika fara ganin Baba.” Ta daɗe tana kallona. Ta ce, “Wane Baba?” Can kuma ta kira ni da sunan ƙanwarta, ta ce in duba ko an kwashe shanya. Yaya, ban so in gaya maka a takarda ba, amma tun watan jiya abin yake ƙaruwa. Da safe takan dawo kaɗan, zuwa azahar ta tafi. Babi goman ƙarshe da ƙyar na tsinto su. Abin da ke cikin kwamfutar nan babu shi a wani wuri kuma, har a kan mai shi.

Na share gidan nan sau biyu yau. Na ɗauki littafi in karanta, na ga yarinyar ciki tana kuka don an ƙi gaishe ta a wurin biki, na ji kamar in mare ta.

Ka ce wani abu.
Auta

*

Talata

Auta,

Salamu alaikum. Ina gaida Inna. Na nemi hutu, ƙarshen wata zan zo.

Kin ce in ce wani abu. Ga shi: kina auna shirun mijinki na kwana uku da muryar Inna ta har abada, kuma har kin tsaya tunani? Ninke tawul bai taɓa kashe kowa ba. In shi kike tausayi, ki sani ranar da ya gano kin bar abin nan ya salwanta don tsoronsa, ranar ce ba zai yafe ba.

Wannan ba littafinki ba ne da jaruma za ta yi ta zagaye ɗaki har wani ya zo ya cece ta a shafin ƙarshe. Ni ina nan cikin laka, ba ni da fiffike. Ki ajiye takardar nan ki je ki same shi.

Ba ke kaɗai ke da Inna ba. Ni ma ina son in ji.

Yayanki

*

Juma'a

Yayana,

Gaisuwa a gurguje. A kan benci nake rubutu, a barandar ofishinsu, a bayan takardar da na tsinta a kwandon mai gadi.

Jiya direba ya miƙo min takardarka, ban ko zauna ba na kira Maigidan na ce ya dawo gida. Na faɗa masa komai a tsaye, ban gwada a madubi ba. Ya yi shirun. Ya cire agogo ya mayar. Sai ya ce, “Wata bakwai Inna tana ba da labari a gidana, ni ina can ina auna bango?” Na ce laifin saka manhajar fa? Ya ce, “Wannan nawa ne da ofis. Ina takardar da yayanki ya rubuta hanyar?”

Da safe ya fara shiga wurin shugabansu shi kaɗai. Ya fito kunnuwansa kamar an murza, ya ce in biyo shi.

Mai kula da kwamfutocin wata mata ce mai tabarau a goshi, bakinta ya fi hannunta sauri. Ta ce, “Au, ke ce amaryar da ta mayar min da kayan aiki shagon buga wasiƙa?” Ta karanta takardarka ta ce, “Wannan ya san aiki, me yake yi a cikin laka?” Sannan ta nuna mana kantar da aka tara kwamfutocin. Yaya, guda tara ne, iri ɗaya sak, baƙaƙe, a jere. Ta riga ta ɓare takardun sunayen da ke jikinsu. Ta ce ta wanke biyar, amma mai shara ya gyara kantar ya cakuɗa su, ita kanta ba ta san wacce ce wacce ba sai an kunna.

Na ce zan gane tamu, akwai ɗan tabon man gashi kusa da maɓallin dama. Ta ce duk ta goge su da tsumma, ita ba ta ajiye ƙazanta.

Duk batirinsu ya mutu, caja ɗaya ce, kowacce sai an jira ta farfaɗo. Ta farko wankakkiya. Ta biyu ta wani ce. Ta uku da ta huɗu wankakku. Ta kore ni waje, wai zagayen da nake yi yana sa mata jiri. Maigidan yana ciki, ya naɗe hannun riga yana riƙe mata wayar caja. Ta cikin gilashin ƙofa ina hango bayansa. An kunna ta biyar yanzu. Ba na iya ganin allon daga nan, kuma bai juyo ba.

*

Lahadi

Yayana,

Salamu alaikum. Ambulan ɗaya zan haɗa su, don kada ka kwana biyu da rabin labari.

Ta bakwai ce. Arba'in da ɗaya, cif. Matar ta juya su zuwa irin fayil ɗin da kowace kwamfuta ke buɗewa, ta sa na buɗe su da hannuna a wata kwamfutar kafin ta bar ni na tafi. An ba Maigidan takardar gargaɗi. Shi ya buga min littafin a takarda, naka yana ciki.

Yau da safe na karanta wa Inna babi na uku, inda budurwa take zuwa teburin mai tafireta duk mako a buga mata wasiƙa zuwa ga wata gwaggo da babu ita a duniya, don kawai ta zauna kusa da shi. Ta saurara har ƙarshe, tana dariya tana rufe baki da mayafi. Ta ce, “Kai, wannan yarinya ba ta da kunya! 'Yar gidan waye?”

Na ce zan bincika mata. Ta ce in ci gaba, tana so ta ji ko ya aure ta.

Sai ka zo.
Auta