Numfashin Nana

Agiye, farkon damina

Zuwa ga maigidana, Baban Nana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya Agadas, yaya kasuwa, yaya zafin can? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Innarka tana gaishe ka, ƙafarta ta yi sauƙi. An yi ruwan shuka, har hatsi ya fara leƙowa.

Za ka yi mamakin takarda alhali ga waya. Duk lokacin da ka kira kana tsakiyar masu saye, ni kuma mutanen gida suna kewaye da ni, maganar ba ta wuce gaisuwa. Shi ya sa na rubuta, na ba direban da ke kai muku kaya ya kawo maka.

Tarin Nana ya dawo, kuma wannan karon har da shessheƙa, ƙirjinta yana ƙara kamar ana busa kara. Na kai ta likita. Wata ma'aikaciya, Malama Hafsat, ta duba ta, ta ba da magani, sannan ta zaunar da ni ta tambaye ni abin da nake ƙonawa da abin da nake fesawa a ɗakin da yarinyar take kwana. Na faɗa mata duka: maganin sauro na hayaƙi, da na fesawa, da turaren ɗaki na gwangwani, da jabel, ruwan kashe ƙwayoyin cuta da nake wanke daɓe da shi kullum, har da ledar da nake hura wuta da ita in itace ya jiƙe. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce ba za ta rantse su ne suka jawo ciwon ba, amma ƙirji irin na Nana ba ya son su. Ta ce in ajiye su na ɗan lokaci mu gani.

Tun daga likita har gida ina tunaninka. Ban da ledar, duk kayan nan daga butik ɗinka suke, kantin nan da ƙanenka Bubakar yake riƙe maka. Da su muke ci, da su muke sha. Kuma na san abin da ƙamshin nan yake a wurinka. Ban manta ranar da na tare ba, da ka ce kai gidanka ba zai yi warin hayaƙi da akuya ba, duk wanda ya shigo sai ya san an ci gaba. Ni ma na so hakan, na yi ta taƙama da shi a cikin mata.

To, na tattara su cikin kwali, na kai ɗakin ajiya. Ban zubar da ko ɗaya ba. Ina so ka ji daga bakina kafin ka ji a wani wuri.

Ka gaida Alhajin da kake yi wa aiki. Allah ya tsare mana kai.

Matarka,
Barira

*

Agiye, lokacin noman farko

Zuwa ga Baban Nana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina fata kana lafiya, aiki kuma yana tafiya. Mu nan kowa lafiya. Ruwa yana sauka yadda ake so, sai dai lungunmu ya zama taɓo.

Na ji fushinka a waya, kuma ban amsa ba don Inna tana zaune kusa da ni. Yanzu bari in ba ka labarin yadda abin ya kasance.

Da na ajiye kayan nan, sai na tarar ban iya tsabtace gida ba in babu su. Na tsaya tsakar gida da tsintsiya kamar baƙuwa. Inna ta yi ta yi mini dariya. Ita ta nuna mini yadda ake tankaɗe toka a goge tukunya da ita, da yadda ɗan kanwa a ruwan zafi yake cire maiƙo a kwano. Sabulun salo kuwa a kasuwar Gangara na samo mai kyau, wurin wata tsohuwa da ke yin sa da hannunta. Da shi nake wanki da wanke daɓe, in matsa lemun tsami a ruwan ɗauraya. Katifa da barguna ina shanya su duk ranar da rana ta fito. Wuta kuma da ƙirare da busasshen kara nake hura ta, na tara su a inda ruwa ba ya kaiwa.

Ba duk dabarar Inna ce ta yi ba. Ta ce a da ganyen bedi, wato dogon yaro, suke turarawa sauro ya gudu. Muka gwada, Nana ta yi tarin da ya fi na da. Inna ta ji kunya ƙwarai. Malama Hafsat ta ce hayaƙi duk hayaƙi ne, na ganye da na kanti, sai dai mu koma ga sange, gidan sauro. Yanzu kowa a cikin sange yake kwana. Jabel ma ba ta ce a rabu da shi gaba ɗaya ba. Ta ce a riƙa sa kaɗan a salga, musamman da damina, ƙofa a buɗe, kuma kada a haɗa shi da wani magani ko kusa.

Maganar taga gaskiya ne, Bubakar bai yi maka ƙarya ba. Na sa magini ya buɗe tagar da ka toshe da bulo, ya sa mata ƙarfe. Ya kamata in nemi izininka, ka yi haƙuri. Ɗakin ne ba ya shan iska, bango har ya fara funfuna a bayan gado.

Abin da ya ɓata wa Bubakar rai shi ne maganar da wata ta yi masa a butik. Ta ɗauki maganin fesawa, ta ajiye, ta ce ai ko matar mai kayan ba ta amfani da shi. Wallahi ban taɓa hana kowa saye ba. Mata suna shigowa, suna ganin abin da nake yi, suna tambaya, ni kuma ban iya ɓoye dalili ba. Ya zo har gida ya ce mini, "Yaya Barira, kina kashe kasuwar mijinki da hannunki." Maganar ta tsaya mini a rai, don ban san ko gaskiyarsa ba ne.

Abin da na sani shi ne Nana tana barci yanzu, ni ma ina yi. Hannuwana da suke tsattsagewa sun warke. Ruwan wanki da nake watsawa a lungu, yanzu rami na yi masa a bayan madafa, na dasa zogale a gefe, ya kama.

Ba na so in zaɓa tsakanin abincinmu da ƙirjin yarinyar nan. Ka yi tunani, ka faɗa mini yadda kake gani.

Taka,
Barira

*

Agiye, hatsi ya fara fidda kai

Zuwa ga maigida,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Na san Bubakar ya kira ka, amma a ruɗe yake, ban san me ya iya faɗa maka ba. Ka kwantar da hankalinka, Nana tana gida, tana cin abinci.

An yi mana rasuwa a Gangara, ƙanwar mahaifiyata, na tafi gaisuwa na bar Nana wurin Inna. Sauro ya yi yawa a kwanakin nan. Zaituna, matar Bubakar, ta shigo da la'asar ta ga yarinyar duk cizo a hannu, don ta wuni tana wasa a gindin zogale. Tausayi ya kama ta. Ta je ɗakin ajiya ta ɗauko maganin fesawa, ta feshe ɗakin, ta rufe ƙofa da taga. Nana ta shiga ɗauko ƴar tsanarta, ta zauna a ciki tana wasa.

Inna ta ce da ta fito ba ta iya ko kuka, sai kafaɗunta ke hawa da sauka, leɓɓanta sun sauya launi. Bubakar ya rufe butik, ya ɗauke ta a moto, babur ɗinsa, Zaituna ta riƙe ta a baya, ana yayyafi. Ni da na iso likita har an sa mata abin shaƙa, numfashi ya fara daidaita. Na tarar da Bubakar tsugune a bakin ƙofa, rigarsa sharkaf, takalmi ɗaya a ƙafarsa. Da ya gan ni ya miƙe. Na yi masa sannu.

Don Allah kada ka yi wa Zaituna faɗa. Ta yi kuka har idonta ya kumbura. Abin da ta yi shi ne abin da ni ma na yi shekara da shekaru ina yi, ina ganin kulawa ce.

Malama Hafsat ta ce ciwon nan asma ne, zai iya zama tare da Nana har girmanta. Toka da sabulun salo ba za su warkar da ita ba, maganinta dole ya kasance a kusa kullum. Iyakar abin da za mu iya shi ne mu rage mata abin da ke tayar da shi. Na ɗauka in na gyara gida shi ke nan, ashe ba haka ba ne. Wannan ya yi mini nauyi, amma na karɓa.

Bubakar bai daina sayar da kayan ba, ni ma ban ce ya daina ba. Sai dai Zaituna ta ce yanzu duk wadda ta sayi na fesawa sai ya tambaye ta ko da ƙaramin yaro a ɗakin, ya ce a fitar da kowa, a bar ɗaki ya sha iska kafin a shiga. Ya kuma tambaye ni sunan tsohuwar Gangara mai sabulu.

Kai ne ban ji daga gare ka ba. Shirunka ya fi mini fushinka ciwo.

Inna tana gaishe ka.

Barira

*

Agiye, kaka

Zuwa ga Baban Nana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwar kewa. Yaya jikinka? Da gangan na yi wannan tambayar, ba don al'ada ba, za ka ga dalili.

An yanke hatsi, an gode Allah, wake ma ya yi. Nana ta shiga lakol, makarantar boko. Kullum sai ta dawo ta tsaya tsakar gida ta rera mana abin da aka koya musu, da ƙarfi, ba ta tsayawa neman iska. Inna ba ta gane ko kalma ɗaya, amma ita ce mai tafi.

Na gode da kiran da ka yi. Da ka ce ba fushi ya hana ka magana ba, kunya ce, cewa kai da ka bar gida don ka nema mata lafiya kai ne kake aiko mata da abin da ke shaƙe ta, sai da na zauna a kan turmi. Ba haka ba ne, Baban Nana. Babu wanda ya sani a cikinmu. Kayan da ka aiko da ƙauna ka aiko su, da ƙauna na karɓa.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Muna cikin magana ka yi tari. Ka janye wayar daga bakinka, ka ce ƙura ce, amma na ji. Na yi damina guda ina sauraron ƙirji, kunnena ya san wannan ƙarar.

Na tare direba na tambaye shi inda kake kwana. Ya yi ta kewaye-kewaye, daga baya ya faɗa mini. Ya ce a cikin magazar Alhaji, inda yake ajiye kaya, kake shimfiɗa tabarma, tsakanin kwalayen jabel da na maganin ƙwari, ƙofa a kulle saboda ɓarayi, don kada ka kama hayar ɗaki, ka samu abin aiko mana. Ya ce shi in ya shiga sauke kaya idonsa har ruwa yake yi. Duk shekarun nan ina nan ina goge daɓe, ban taɓa tambayarka inda kake sa kanka ba.

Ga abin da nake roƙonka. Ka fitar da tabarmarka daga magazar nan tun yau, ko a rumfa ce ka kwana. Ka je likita a duba ka, kada ka ce sai kasuwa ta lafa. In abin da kake aikowa zai ragu, ya ragu, rumbu cike yake, kuma Inna ta ce in faɗa maka umarni ne ba shawara ba. In an duba ka aka ce ka huta, ka taho gida.

Nana ta ga ina rubutu, ta tambayi wa nake rubuta wa. Na ce Babanta ne ba ya jin daɗin ƙirjinsa. Ta ce in faɗa maka kada ka ji tsoro, in abin ya taso ka zauna, ka ja numfashi a hankali, yana wucewa. Ta ce in ka zo za ta nuna maka yadda ake yi.

Muna jiran ka. Allah ya ba ka lafiya, ya dawo mana da kai.

Matarka,
Barira