Yatsanka a Kayen Shamuwa

Zuwa ga aminina Hamani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahamarSa. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko da kana raye ma ba ka yi boko ba, ni ke karanta maka. Yau babu wanda zan karanta wa, amma hannu ya saba, sai na bar shi ya rubuta.

Ga labarin gida. Bukoki ta cika da baƙi, har filin da muke bi zuwa tsohon gawo an yanka shi gidaje. Gawon dai yana nan tsaye. Ana ta maganar za a yi gada a kan gulbi, masu jirgin fito sun shiga zulumi. Ɗiyarka Hamsatu ta sauka lafiya, namiji, an sa masa sunanka. Ni kuwa ƙafa ta ƙi, yanar ido ta rufe mini na dama, na hagu ma yana bin sawunsa. Tun rasuwar mai ɗakina kai kaɗai ke shigowa gidan nan ba sallama biyu. Yanzu tabarmarka a naɗe take.

Ƙungiyarmu ta masu ƙidayar tsuntsaye ba ta watse ba. Da Banasaren nan likitan dabbobi da ya tara mu ya koma ƙasarsu bayan mun sami mulkin kai, mun zaci shi ke nan. Ashe ba haka ba ne. Mushe Abdu, malamin lakwal, wato makarantar boko, shi ke jan gaba yanzu, kuma madubin hangen nesan da aka bar mana yana wuyansa. Kowace Lahadi da sassafe suna sauka bakin gulbi su ƙirga dinya da zalɓe da gauraka, babu mai biyansu ko sisi. An ce mini rannan sun ƙirga garken kirinjijiya guda har sau biyu, don ya tashi ya sake sauka a bayan tsibiri. Da kana nan da ka yi dariya har ka riƙe ciki, sannan ka nuna musu mai tabo a fiffike da za ta shaida garke ɗaya ne.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Maganar kayenmu ce, littafin nan mai baƙin bango, wanda muka fara tun ina komi, ina aikin akawu, tun kafin a yi ƙungiya. Kowace shekara mu rubuta ranar da shamuwar farko ta sauka a kan gawo, don a san damina ta kusa. Ka tuna dokar da kai ka kafa? Ba a rubuta rana sai ido huɗu sun gani. Ni in sa hannu, kai ka dangwala babban yatsa a tawada ka danna kusa da sunana. Sau nawa na ce na gani, ka ce balbela ce rana ta kashe mini ido, ka ƙi ba da yatsa?

Bara, da ciwo ya kwantar da kai, kullum na shigo ba ka tambayar komai sai ko ta zo. Kullum in ce tukuna. Ran da na ga ƙafafunka sun kumbura, kuma ka ƙi ko da kunu, sai bakina ya riga ni. Na ce maka ta sauka da hantsi, guda biyu, har sun fara gyaran tsohuwar sheƙa. Ka dube ni ka daɗe. Sannan ka ce a kawo kaye, tunda ƙafarka ba za ta kai ka ba ka yarda da idona. Na rubuta ranar, na riƙe maka hannu, ka danna yatsa.

Hamani, ƙarya na yi maka. Babu komai a kan gawon ran nan sai hankaka. Shamuwa ba ta zo ba sai bayan an yi sadakar bakwai ɗinka. Na je na tsaya ƙarƙashin itacen ni kaɗai, ina kallonta, na rasa inda zan rubuta ta.

Na yi niyyar in tafi kabari da wannan magana. Sai ga Mushe Abdu ya zo aron kayen, za su kwafe shi a aika wa masu irin aikinmu a wasu ƙasashe, su san mu ma muna da ido. Ya dawo yana murna, wai ranar bara ta riga duk sauran shekaru da nisa, abin a yi nazari ne. Ya ce ba ya shakka, tunda ga hannuna ga yatsanka. Ka ji inda ƙaryata ta kai? Yatsan da bai taɓa shaidar abin da ido bai gani ba, shi zai ɗauke ta ya ƙetare teku da ita. In kuma na faɗi gaskiya, wa zai ƙara yarda da sauran shafukan?

Na rasa wanda zan gaya wa, sai na ja sanda na tafi wurin Hamsatu. Tana shayar da takwaranka na faɗa mata duka, kaina a ƙasa. Ba ta yi mamaki ba. Ta ce ai ka sani. Ta tuna mini abin da na manta, ni mai takarda: duk shekara, shamuwar farko ba ta sauka a ɓoye, yaran unguwa sai sun bi lungu-lungu suna yi mata waƙa, mata su leƙo ta kan darni. Kai kuwa wuni kake kwance kunnenka a waje, kuma ran nan ba ka ji komai ba. Ta ce bayan fitata ka gaya mata cewa Malam ya kawo maka shamuwa a baki don ba shi da wani magani, kada wanda ya kunyata shi.

Ashe ni na zaci ina lallashinka, kai ne kake lallashina. Me ya sa ba ka ce mini balbela ce ba, kamar yadda ka saba?

Lahadin da ta wuce na sa aka kai ni bakin gulbi a kan amalanke. Na faɗa musu a gaban kowa, ban rage komai ba. Sannan Mushe Abdu ya miƙo mini kayen da alƙalaminsa. Na ja layi guda a kan ranar ƙarya, na rubuta ta gaskiya a ƙasa, na ƙara da cewa ido biyu ne kawai suka gani. Yatsanka ban taɓa shi ba. Ko za su aika da kayen ko za su fasa, ban tambaya ba.

Bana ba ta zo ba tukuna. Zafi ya kai matuƙa, gabas ta fara yin duhu da la'asar. Idona ba zai ƙara rarrabe ta da hankaka ba, don haka na shimfiɗa tabarmarka a bakin ƙofa, ina zaune kunnena a waje.

Ka yafe mini, in ana yafewa daga can. Allah Ya haskaka makwancinka, Ya haɗa mu a inuwa guda.

Naka, wanda ka rufa wa asiri,
Isuhu tsohon komi, Bukoki, Yamai